Filin Tambaya da Amsa: Abin da Mai Zana Taurarin Labari Zai Koya daga Masu Zanen Sutura

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na kusa shekara uku ina zana wani labarin katun da nake fatan fitarwa a littafi. Manyan taurarinsa biyar ne: tsohon soja, da likita mace, da ɓarawo, da tsohuwa mai kula da ɗakin karatu, da yarinya 'yar shekara goma sha biyu. Kowannensu na ba shi fuskarsa da launin kayansa. Amma da na bi shawarar da nake ji a bakin masu zane, na cike surar kowanne da baƙar tawada don in ga inuwarsa kawai, sai na tarar uku daga cikinsu kamar an tsaga kara. Wani abokina ya ce in je in nazarci zanen masu tsara tufafi, ni kuwa abin da nake gani a can dogayen mata ne marasa fuska, waɗanda ba ruwansu da labari. Akwai abin da zan ƙaru da shi, ko ɓata lokaci ne? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka ya ba ka shawara mai kyau, sai dai bai gaya maka abin da za ka ɗauko da abin da za ka baro a can ba, kuma a nan ne da yawa suke tuntuɓe.

Gwajin baƙar tawadar da ka yi shi ne gwajin da ya dace. Ido yana fara kama layin da ya raba mutum da abin da ke bayansa kafin ya kai ga hanci ko launin riga. A cikin ɗan akwatin katun, inda tauraro yake tsaye can nesa kuma tsawonsa bai kai na ɗan yatsa ba, fuskar da ka shafe awa biyu kana gyarawa ɗigo uku ce kawai, kuma inuwar ce ta rage wa mai karatu ya gane shi da ita. Turawa suna kiran wannan inuwa siluwet, daga sunan Étienne de Silhouette, wanda ya riƙe baitulmalin Faransa na 'yan watanni a 1759 ya kuma yi ƙaurin suna wajen tsuke bakin aljihu, har aka laƙaba sunansa ga hoton da ake yankawa daga baƙar takarda, saboda shi ne hoto mafi araha.

Rashin fuskar da ka gani a zanen sutura shi ne ainihin dalilin da ya sa ya kamata ka je can. Kai kana da fuska da za ka jingina da ita, kana da magana a cikin kumfar zance, kana da launi. Mai zanen sutura ba shi da ko ɗaya daga ciki da zai dogara da shi, aikinsa duka shi ne ya sa mai kallo ya gane fasalin tufa a kallo ɗaya, ya kuma bambanta shi da na bara. Mutanen da suka shafe fiye da shekara ɗari suna fama da wannan matsala guda ɗaya ba za su rasa abin koyarwa ba.

Ɗauki misalin Christian Dior, mai tsara tufafi ɗan Faransa. A ranar 12 ga Fabrairun 1947 ya nuna kayansa na farko a Faris, bayan shekarun Yaƙin Duniya na Biyu da aka yi ana tsimin yadi, mata suna sanye da kaya masu faɗin kafaɗa da gajeren siket madaidaici. Shi sai ya sassauta kafaɗa, ya matse ƙugu, ya baza siket har ƙasa da gwiwa. Ko da an kashe fitila an bar inuwa kawai a bango, za a san sabon abu ya zo. Daga baya ma ya riƙa sa wa tarin kayansa sunan harafin da fasalinsu ya yi kama da shi: H a 1954, sannan A da Y a 1955. Harafin A yana nufin sama a tsuke ƙasa a buɗe, Y kafaɗa a buɗe ƙasa a tsuke, H kuwa miƙaƙƙe daga sama har ƙasa. A 1957 Cristóbal Balenciaga, ɗan ƙasar Sifaniya, ya fito da rigar da aka yi wa laƙabi da buhu, wadda ta yi watsi da ƙugu gaba ɗaya. Abin lura a nan shi ne waɗannan mutane sun iya taƙaita kaya sukutum a harafi ɗaya, domin fasalin suka fara yankewa, maɓalli da aljihu da ado duk daga baya suka biyo. Tun ran gini tun ran zane. Ina kyautata zaton kai ta ɗaya ɓangaren ka faro: ka zana jiki irin wanda hannunka ya saba, ka sa masa fuska, sannan ka tufatar da shi.

Shawarwari uku ne suke gina inuwar kowace sutura, kuma in ka riƙe su, rabin matsalarka ta warware. Ina ne wuri mafi faɗi a jikin? Ina ne wuri mafi tsukewa? A ina yadin ya ƙare? Tarihin tufafin matan Turai kusan duka wasa ne da waɗannan uku. A shekarun 1850 wuri mafi faɗi yana ƙasa, saboda kejin ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin siket. A shekarun 1870 da 1880 faɗin ya koma baya, ya zama tudu a ƙasan gadon baya. A shekarun 1920 ƙugun riga ya sauka zuwa kwatangwalo, jiki ya miƙe kamar sanda, a shekarun 1980 kuma aka cusa soso a kafaɗa faɗin ya hau sama. Jikin ɗan Adam bai sauya ba a duk tsawon wannan lokaci, amma inuwa huɗu ce daban-daban, har mai kallo yana iya faɗin zamanin daga inuwar kawai. Na tabbata idan ka auna taurarinka uku da suka yi kama, za ka ga faɗinsu duka a kafaɗa yake, tsukewarsu a tsakiya, rigunansu kuma duk a kwatangwalo suka tsaya.

Bari mu gwada da mutanenka. Abin da kowa zai yi wa tsohon soja shi ne harafin Y, ƙirji a buɗe, ƙafafu a tsuke, kuma ba laifi ba ne, sai dai ka ce tsoho ne. Da ni ne, zan bar masa kwat ɗin da aka ɗinka masa lokacin yana da ƙarfinsa. Kafaɗar kwat ɗin tana nan da faɗinta da kusurwarta, amma ta zarce kafaɗar da ke ciki, ƙarshenta ya ɗan karye ya faɗo, wuya siriri ya fito daga kwala mai faɗi, hannun rigar ya rufe rabin tafinsa. Cike wannan da baƙi, har yanzu Y ne, amma Y ɗin da ya fara sagewa, kuma mai karatu ya san tarihin mutumin kafin ya buɗe baki. Likitar tana iya ɗaukar H, doguwar farar riga mai sauka a miƙe zuwa gwiwa, gashi a ɗaure tamau, abu ɗaya tak ya fito daga layin, wataƙila aljihun da kaya suka kumbura shi a gefe guda. Tsohuwar ɗakin karatu A ce ko ƙwai, kai ƙarami a sunkuye, mayafin ulu ya haɗe kafaɗa da hannu ya zama dunƙule ɗaya, ƙafafu 'yan ƙanana suna leƙowa. Yarinyar kuwa ka ba ta abu ɗaya da ya fi ƙarfinta, jakar goyo ko takalmi. Ɓarawon na bar maka shi, sai dai ina roƙonka kada ka lulluɓe shi da hular da ke rufe kai, domin ɓarawon da ake ganewa daga nesa bai iya sana'arsa ba, kuma zai fi daɗi a ce shi ne mafi tsaf a cikinsu.

Darasi na biyu na René Gruau ne, wanda aka haifa a Rimini ta Italiya a 1909, ya kuma daɗe yana zana wa gidan Dior tallace-tallace. Ka nemi ayyukansa ka zauna da su. Sau da yawa za ka ga babban dunƙulen baƙi, da layin buroshi ɗaya mai kauri a nan siriri a can, da ja a wuri guda, sauran takardar fara fat. Yakan zaɓi abu ɗaya, faffaɗar hula ko jelar riga ko safar hannu, ya ƙara masa girma, ya danne sauran. Sababbin masu zane akasin haka suke yi: idan tauraro bai burge su ba, sai su ƙara masa bel uku, da zip, da ɗamara, da tambari a ƙirji. Duk waɗannan a cikin layi suke zaune, tawada na zuwa ta haɗiye su. Adon da ya isa gefe ya sauya layin waje shi kaɗai ne yake aiki a inuwa, kuma idan gefen duka ya cika da tsirace-tsirace, ido ba ya samun wurin sauka. Ka bar dogon layi mai santsi ya huta, sannan ka karya shi a wuri ɗaya.

Akwai kuma tsayuwa. Masu zanen sutura suna karkata layin kafaɗa zuwa gefe guda, layin kwatangwalo zuwa ɗaya gefen, sannan su sauke layi a miƙe daga ramin wuya zuwa ƙafar da ke ɗauke da nauyi, don kada mutumin ya yi kamar zai faɗi. Suna kuma buɗe giɓi tsakanin hannu da jiki, saboda hannun da ya manne da ciki ɓacewa yake yi. Wannan giɓi na farar takarda ɓangare ne na inuwar, kamar yadda baƙin yake.

Yanzu ga abin da za ka baro musu. Tsawon mutum na yau da kullum yakan kai kansa bakwai zuwa bakwai da rabi idan aka jera. Surar da masu zanen sutura suke aiki da ita, wadda suke kira kuroki, kai tara ce, wani lokaci har goma, kuma yawancin ƙarin a ƙafafu ake zuba shi don yadi ya samu wurin zuba. Da gangan suke maimaita wannan jiki guda a kowane shafi, domin tufar ce ake so ta bambanta, jikin maratayi ne kawai. Na taɓa faɗawa wannan rami da kaina. Bayan wata biyu ina kwaikwayon zanensu, na jera taurari shida na cike su da baƙi na nuna wa wani abokin aiki, sai ya tambaye ni dalilin da ya sa mutum ɗaya yake ta sauya kaya. An gudu ba a tsira ba. Abin ɗauka daga kai taran nan shi ne ƙarfin halin da ya ja ƙafa ya ƙara mata tsawo ba tare da neman izinin littafin ilimin jiki ba. Da wannan ƙarfin halin za ka iya mai da tsohuwarka kai biyar, ka sauke ƙugun sojanka ƙasa ka gajarta ƙafafunsa, ka ja wuyan likitarka.

Ba sabuwar hanya ba ce. Lokacin da kamfanin Valve ya fitar da wasan kwamfuta na Team Fortress 2 a 2007, yana da rukunin mayaƙa tara da dole ɗan wasa ya gane kowanne daga nesa cikin ƙiftawar ido, kuma masu zanensa sun bayyana cewa sun nazarci masu zanen mujallu da tallace-tallace na Amurka na farkon ƙarni na 20, cikinsu har da J. C. Leyendecker, wanda ya shahara da zanen tallan kwalar riga ta Arrow. Haka Marc Davis na kamfanin Disney ya gina Cruella de Vil, muguwar matar fim ɗin katun 101 Dalmatians na 1961: mace ƙashi da rai a cikin ƙatuwar rigar gashin dabba, yadda faɗin rigar yake ƙara fito da ramarta.

Aikin da zan ba ka shi ne ka ajiye fensir, ka ɗauki alƙalamin maka mai kaurin baki. Ka yi wa kowane tauraro inuwa ashirin, kowacce ba ta wuce tsawon babban yatsa ba, ba fuska, ba gogewa. Biyar na farko za su fito irin wanda ka saba, abin kirki yakan fara ne daga ta goma. Sannan ka zaɓi inuwa ɗaya ga kowane tauraro, kana duba biyar ɗin tare, a jere a layi ɗaya, domin inuwar da ta yi kyau ita kaɗai tana iya zama 'yar biyun ta kusa da ita. Ka nuna wa wanda bai san labarin ba, ka ce ya nuna maka sojan.

TAMBAYA: Malam, ni matsalata yadi ce. Duk rigar da na zana, ko ta manne a jiki kamar fenti, ko ta tsaya kamar kwali. Na cika ta da layukan ninki amma ba ta gyaru ba. Daga wata mai karatu.

AMSA: 'Yar'uwa, yawan layukan ninki ba ya ba yadi nauyi, kuma sau da yawa shi ne yake ɓata shi. Nauyin yadi a gefensa ake karanta shi. Yadi mai tauri, kamar fata ko ulu mai kauri ko auduga da aka sa wa sitaci, yana tsayawa nesa da jiki, yana yin miƙaƙƙun layuka da kusurwoyi, ninkinsa kaɗan ne kuma manya. Yadi mai laushi kamar siliki yana bin tudun jiki, ya zubo daga nan a miƙe zuwa ƙasa, ninkinsa sirara ne masu yawa, bakin kalmasarsa kuma yana lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Saboda haka kafin ki ja layi ɗaya a cikin riga, ki tambayi kanki wuraren da yadin ya taɓa jiki da wuraren da ya rabu da shi. Idan ya taɓa ko'ina, fenti ne. Idan bai taɓa ko'ina ba, kwali ne.

Ninki kuma ba ya fitowa haka siddan. Kowanne yana da wurin da ya taso, ko dai inda yadin ya rataya, kamar kafaɗa da ƙugu, ko inda aka ja shi, kamar gwiwa da gwiwar hannu idan an lanƙwasa su, ko inda ɗinki ya tattara shi. Ki nemo wannan wuri ki fitar da layuka biyu ko uku daga gare shi, su watsu su ɓace kafin su kai ƙarshe. Masu zanen sutura sun ƙware a nan saboda tela zai karanta zanensu ya san yadin da zai yanka, kuma idan zanen ya yi ƙarya, rigar za ta tona shi.

Har yadda aka yanka yadi yana sauya inuwarsa. Madeleine Vionnet, mai tsara tufafi, ta yi suna a Faris a shekarun 1920 da 1930 saboda yanka yadi a karkace, wato a tsallake saƙarsa ta kusurwa, wanda yake sa ya ɗan miƙe ya kwanta a jiki ya zubo kamar ruwa, alhali yadin nan da aka yanka a miƙe tsayawa zai yi. Ki gwada da hankici: ki riƙe shi ta kusurwa biyu da ke gefe ɗaya ki ja, sannan ki riƙe kusurwa biyu masu fuskantar juna a karkace ki ja, hannunki zai ji bambancin. Daga nan ki rataya tawul da siririn gyale a bayan kujera ɗaya, ki zana layin wajensu kawai. Wannan ma hanya ce ta raba taurari: wanda halinsa yake da tsauri a ba shi yadin da ke yin kusurwa, mai sulɓi kuma a ba shi mai zuba.

TAMBAYA: Malam, na samu inuwa mai kyau daga gaba, amma da na juya tauraron gefe sai ya zama wani mutum dabam. Ina kuskuren yake? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wannan ita ce iyakar zanen sutura na mujalla, ɗan'uwa, domin kusurwa ɗaya aka zaɓa, mafi kyau, kuma ba wanda zai nemi a juya matar. Taurarinka kuwa za su juya, su zauna, su ruga, kuma za ka zana su sau ɗaruruwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba duk faɗin hagu da dama, a manta da gaba da baya, sai mutum ya zama kamar an yanke shi daga kwali. Ƙatuwar kafaɗa daga gefe ba ta nan, sai idan ka ba ta kauri, ko ka haɗa ta da doron baya ko ƙirji mai turowa. Tudun bayan nan na shekarun 1880 da na ambata a amsa ta farko akasin haka ne, daga gaba kusan ba a ganinsa, daga gefe kuma shi ne komai.

Maganin yana wurin masu tsara tufafin ma, amma a ɗaya zanen nasu da ba a bugawa a mujalla, wato shimfiɗaɗɗen zanen da suke ba tela, mai nuna gaba da bayan riga da kowane ɗinki ba tare da jiki a ciki ba. Ka yi wa kayan tauraronka irinsa, sannan ka zana shi gaba da gefe da baya a kan layukan awo guda, ka cike ukun da baƙi. Alamarsa babba ta bayyana aƙalla a biyu daga ciki. Idan ta ƙi, an yarda ka yi ɗan ha'inci, domin kunnuwan Mickey Mouse a zanensa na gargajiya da'ira biyu ne duk inda ya juya kansa, abin da ba zai yiwu ga kai na gaske ba, kuma masu kallo sun karɓe shi haka. Idan kana da yumɓu ko roba mai laushi ta yara, ka murza tauraron tsawon tafin hannu, ka haska shi da tocila a bango, ka riƙa juya shi a hankali kana kallon inda inuwar take mutuwa.